Daga Kachia Zuwa Kagoro

Mesaimeer, Doha

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafarki, yaya su Roseline? Ina fata zafin Maris bai matsa muku ba.

Mama, ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, alheri ne. Ɗanki Absalom ya yi magana.

Kin san tun da ciwon shanyewar jiki ya kama shi a wurin aiki, ƙafa ta warke, hannu ya dawo, bakin ne ya ƙi. Kamfaninsu ya ce idan likita ba ta ji muryarsa a ƙarshen wata ba, khalas, shi ke nan, sai gida. Kullum ina jinyar mutane a asibiti, nawa mijin kuwa sai kallo.

Ran Juma'a maƙwabcinmu Mudasiru, mutumin Kumasi, ya matsa mana mu fita bayan gari, wai ruwan bana ya sa hamada ta yi kore. Ban yarda ba sai da na gani. Ciyawa ko'ina, ga wani itacen ƙaya da Larabawa ke kira awsaj, ya cika da ƙananan fararen furanni. A hanya Mudasiru yana ta fassara mana sunayen unguwanni, wai Mushairib wurin shan ruwa ne, Mirqab wurin hange. Da muka sauka, matarsa Zalihatu ta tambaye ni yadda namu garuruwan suke. Na fara jero na hanyar gida, daga Kaduna. Na ce Kachia, sai kuka ya tare ni.

Absalom yana tsaye jikin itacen, fure ɗaya a yatsunsa. Sai muka ji, a hankali, "Zonkwa." Ya huta. "Samaru." Ya ja numfashi, ya ɗaga murya kamar kwandasta, "Kagoro!"

Mudasiru ya yi sujada a kan yashi, ni na durƙusa, Zalihatu tana guɗa. Har muka iso gida Absalom yana maimaita su yana dariya, ƙaya ta soke shi bai ma kula ba.

Jiya likita ta saurare shi, ta ce mu ci gaba, ba inda za shi. Yau da safe ya kira sunana, ya nemi shayi.

Zai kira ki ran Lahadi bayan sujada, ki sa Roseline ta yi cajin waya. Har yanzu sai ya bi ta garuruwan nan kafin sauran kalmomi su fito. Idan ya fara da Kachia, kada ki katse shi, Mama. Ki jira shi ya iso gida.

Ki gai da kowa, a yi mana godiya a coci.

Taki har kullum,
Kezia