Compadre Nibaldo Ya Tare Mini Teku

Lahadi, 6 ga Janairu

Rana mai kyau, teku lumui kamar an goge shi. Mun zauna a barandata kamar kowace Lahadi: ni, da Don Temo mai ciwon ƙafa, da Gladys mai gyaran gashi, da compadre Nibaldo, wato uban 'yata na baftisma. Na soya kifi, Gladys ta kawo burodi, jar giyar inabi kuwa ta compadre ce, ƙatuwar kwalba. Karena Jurel yana ƙarƙashin tebur yana jiran kan kifi, kyanwata Duquesa tana kan katanga tana harararsa. Wani jirgin kaya ya shigo tasha, Don Temo ya rantse na Japanawa ne. Gladys ta ce, "Kai da ba ka gane matarka in ta juya baya, tutar jirgi za ka gane?"

Duk Valparaíso babu baranda irin tawa, kuma ba cika baki nake ba. Daga kan tudun nan har bakin ruwa babu abin da ya tare ido. Shekara da shekaru ina fasa cikin kifi a kasuwa, abin da na tsira da shi ke nan.

Kujerar matarsa, comadre Ercilia, ce kawai babu kowa. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta iya hawo matakala. Gidansu yana ƙarƙashin nawa, rufinsu daidai tafin ƙafata, don haka na sa mata kifi a kwando na zura da igiya zuwa tagar kicin ɗinsu, yadda muka saba.

Compadre kuwa yana ta kallon rufin gidansa.

Talata, 8 ga Janairu

An jibge katako a ƙofarsu. Ya yi yawa a ce gyaran ƙofa ne.

Alhamis, 10 ga Janairu

Na tare compadre a matakala. Bai ko ɓoye ba. "Ɗaki zan ɗora a sama, comadre Herminda. Ercilia ba ta ganin komai daga gadonta sai bangon maƙwabci. Ruwa take son gani." Na ce to ni fa? Ya sosa ƙeya ya ce, "Ai za ki riƙa ganin sama."

Za ki riƙa ganin sama! Ni tsuntsuwa ce?

A tudun nan ko jariri ya san ba a ɗaga rufi ya wuce tagar na sama da kai. Babu wanda ya rubuta, amma haka iyayenmu suka zauna, kowa yana leƙen ruwa ta kan ɗan'uwansa. Kuma wa zai karya? Mutumin da ya riƙe 'yata Soledad a coci ranar baftisma, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa babu "compadre" a gaba ba. Na ce a riƙa ɗauko ta ranar Lahadi mana. Ya ce, "Da wane bayan zan goyo ta? Sauran ranakun fa, bango za ta ci gaba da kallo?"

Na san tana shan wahala. Na sani. Amma barandata ce.

Lahadi, 13 ga Janairu



Compadre ya hawo da kwalbarsa kamar babu abin da ya faru, har da shafa kan Jurel. Na haɗiye. Muka ci, muka sha, Don Temo yana ta surutun jirage don kada a taɓo zancen. Can compadre ya miƙa hannu ya nuna sararin da ke gabanmu ya ce, "Iyakarsa nan, bai kai yadda kike tsoro ba." Hannun nasa ya shafe tasha, ya shafe jirage, ya shafe faɗuwar rana.

Ban san lokacin da na ɗauki kwalbar ba. A girarsa ta fashe. Giya da jini suka haɗu a farar rigarsa, ba ka bambance su. Ya miƙe ya kifar da tebur, faranti suka tarwatse, Don Temo ya faɗi da kujerarsa ƙafafu a sama. Gladys ta riƙe ni ta baya tana ihu, "Herminda, compadrenki ne! Kin haukace?" Na sa mata gwiwar hannu a baki, leɓenta ya tsage. Jurel yana haushi bai san wanda zai ciza ba, sai ya cafki wandon Don Temo.

Compadre ya tsaya a bakin matakala, jini yana shiga masa ido. "Tsohuwar banza mai warin kifi," in ji shi. "Da ƙaramin ɗaki zan yi. Yanzu sai kin kunna fitila da rana."

Na bi shi da murfin tukunya. Ban same shi ba.

Laraba, 16 ga Janairu

Guduma tun safe. Kowane bugu a tsakiyar kaina yake sauka. Na tara duwatsu a bokiti, duk sanda ya fara sai in sakar masa ɗaya a kan kwano. Jiya na sheƙa ruwan wankin kifi a kan katakonsa, yau ƙudaje sun yi masa biki. Shi kuma ya hau ya yanke igiyar kwando, ya wurgo mini ita baranda.

Jurel munafuki ne. Ya ci a nan da safe, da rana na hango shi yana lasar kwano a can.

Asabar, 19 ga Janairu

Turaku sun tsaya, an ɗora na kwance. Yanzu teku a yanke nake ganinsa, gunduwa-gunduwa, kamar ta bayan ƙarfen kurkuku. Gladys ta leƙo, leɓe a kumbure, ta ce in kai ƙara hukuma. In kai compadrena ƙara gaban baƙi? Kunyar ta fi ƙarfina. Tsakaninmu ne.

Na fito da gatarin mahaifina. Na wasa shi.

Litinin, 21 ga Janairu

Zan rubuta yadda ya faru, ko zan samu in yi numfashi.

Da azahar na ga ya sauka gari sayen ƙusa. Rana ta take, unguwa shiru. Na tsallaka katanga na dira kan rufinsu, gatari a hannu. Turken farko ya ba ni wuya, na biyu kuwa kamar ƙashin kifi. Ina sara ina zagi, gumi yana shiga mini baki, kuma Allah ya sani daɗi nake ji. Ban taɓa jin ƙarfi irin wannan ba tun ina budurwa. A na uku sai duk abin ya yi wani ƙara, ya karkata, ya tafi.

Ban yi tunanin inda zai faɗa ba. Ko sau ɗaya ban yi ba.

Babban katakon ya huda kwano ya shige cikin gida. Sauran suka zube ta gefe, kan 'yar inuwar da ke bayan kicin. Daga nan kukan ya fito. Ban taɓa jin kare ya yi irin wannan kuka ba, kamar mutum. Daga cikin gida kuma wata murya, ta Ercilia, ba kalma ba ce, sauti ne kawai na wanda harshensa ya ƙi shi.

Na leƙa ta hujin. Katakon ya soke ƙasa dab da gadonta, ya ragargaza teburin magungunanta. Ƙura ta rufe mata fuska. Tana kwance tana kallona ta hujin rufinta, ni da gatari.

Ban san yadda na sauka ba. Jurel yana ƙarƙashin tarin, ƙafar baya a murƙushe, ƙashi a waje. Na sa hannu zan ɗaga, ya kafa mini haƙori a dantse har sai da na ji ya taɓa ƙashi. Ban ja hannun ba.

A haka compadre ya same mu. Ya shiga ya duba matarsa, ya fito fuskarsa fari fat. Ya ɗauki gatarin. Ya ɗaga shi sama da kaina, na ga jijiyar wuyansa, na rufe ido. Sai na ji saran ya sauka a katakon da ya danne kare. Ya yi ta sara yana kuka yana zagina, ya zagi uwata, ya zagi kakata, har katakon ya rabu.

Mu biyu muka sauko da Jurel a cikin bargo, shi a gaba ni a baya, duk tsawon matakalar nan har titi. Bai ce mini komai ba sai, "Ɗaga ɓangarenki, shashasha."

Talata, 22 ga Janairu

Likitan dabbobi ya yanke ƙafar.

Juma'a, 25 ga Janairu

Jurel ya dawo gida. Yana yunƙurin sosa kunne da ƙafar da babu, sai ya faɗi. Duquesa da ba ta taɓa kusantarsa ba ta kwanta a jikinsa. Hannuna ya kumbura kamar burodi, an yi mini ɗinki da allura.

Gladys ta ce mutane sun matsa wa compadre ya kira 'yan sanda. Ya ce musu, "Comadrena ce. In za a kashe ta ni zan kashe ta." Ercilia kuma da ƙyar ta haɗa kalmomi ta ce, "Ku gaya wa Herminda har yanzu hannunta da ƙarfi."

Gara ta tsine mini.

Lahadi, 3 ga Fabrairu

Guduma ta dawo. Maza huɗu na unguwa suna taya shi, har Don Temo yana miƙa ƙusa da ƙafarsa mai ciwo. Bokitin duwatsu yana nan inda yake. Na dube shi, na shiga ɗaki.

Ban soya kifi ba. Wa zai ci?

Lahadi, 17 ga Fabrairu

An gama. Bango ne na kwano, ruwan toka, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Babu tasha, babu jirgi, babu komai. Ya cika alkawarinsa, da la'asar sai na kunna fitila. Na ji lokacin da suka ɗauko Ercilia a kujera suka hau da ita, na ji Gladys tana tafi, na ji an buɗe kwalba. A can suke yanzu. Dariyarsu tana zuwa mini ta cikin kwano.

Na juya kujerata ina kallon tudu da igiyoyin shanya na mutane. Na sha kofi biyu ni kaɗai, giyar kamar ruwan tsami. Jurel ya yi ta kuka a bakin matakala yana son sauka, ba ya iyawa.

Na tsane su duka. Na tsani bangon nan. Na yi kuka, kuma ba na kare ba ne.

Alhamis, 28 ga Fabrairu

Ƙarar yankan kwano tun hantsi, a bangon da ke fuskantata. Na zaci wata sabuwar mugunta ce, har na fito da tsintsiya. Sai ga bakin almakashin ƙarfe ya ɓullo, yana tafiya, yana zagayawa, faifan kwano ya faɗo barandata. Fuskarsa ta bayyana a hujin, da tabon kwalbata a gira. Muka kalli juna. Ya ce, "Ba don ke ba ne. Ercilia ce ta ce ɗakin ba ya shan iska." Ya juya.

Iska. A ɗakin da ke kallon teku.

Lahadi, 10 ga Maris

Ya sa wa hujin gilashi, ya zama taga. Daidai take da babbar tagar gaba, don haka in ka zauna a wuri ɗaya, kusa da tukunyar fure, ido yana ratsa ɗakin ya fita ta can. Teku ne, amma bai fi faɗin tire ba. A ƙasansa kuma ga ƙeyar Ercilia, furfurarta a daure, tana zaune a kujerarta.

Na matsar da kujerata can. Wurin ya fi inuwa ne kawai.

Da yamma wani jirgi ya ratsa, ya shiga ta dama ya fita ta hagu, bai daɗe ba. Ercilia ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna shi. Ba ta juyo ba. Ta san ina nan.

Na ƙulla igiyar kwando, ƙullin bai yi kyau ba saboda hannun nan. Ba wani abu ba ne, kifin ne ya yi mini yawa, kuma kwalbar an riga an buɗe ta, za ta lalace. Na sa kifi da kwalbar giyata a ciki na zura. Kwandon ya daɗe a can har na ce an zubar.

Ya dawo babu kifi. Kwalbar saura rabi, da kofi ɗaya a gefe, wanda ya sha bai ko wanke ba. Kofin compadre ne, na san shi, mai ɓallin baki.

Ƙazami. Na sha a ciki.