Tattabarun Babana Suna Saman Benenku

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin da ya sayi tsohon benen nan mai koriyar ƙofa a Wust al-Balad, tsakiyar birnin Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Sunana Hajara. Ba ka san ni ba, amma ka taɓa ganina. Ni ce yarinyar da ta tsaya gefen motarka makon jiya da kwando a hannu, ka tambaye ni me nake so, bakina ya ƙi buɗuwa har direba ya ja mota. Haka nake tun ina ƙarama, shi ya sa na rubuto. Karatuna bai wuce firamare da nisa ba, kuma da Hausa na fi iya faɗin abin da ke raina. Anti Zulai, wata ɗaliba maƙwabciyarmu, za ta juya maka takardar nan zuwa Larabci, ta kuma sa ta a shafin mutanenmu na intanet kowa ya gani.

A saman benen nan aka haife ni. Babana, Malam Idi, daga Maraɗi ya zo karatu, daga baya ya koma dafa wa ofisoshin ginin shayi, aka ba shi ɗaki a sama kusa da tankin ruwa. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Bai bar mana gida ko gona ba. Tattabaru ya bari, kuma a kansu nake magana.

Na ɗaya. Ba kukan tashinmu na kawo ba. Ranar da ka tara mazauna ginin a ƙasa ina bayan Inna mahaifiyata, na ji duk abin da ka ce. Ka ce ka zauna a Lisbon, babban birnin Fotugal, ka ga yadda tsofaffin gidaje suka zama kufai, daga baya aka gyara su, kasuwa ta dawo, masu zane da makaɗa suka cika tituna, baƙi suna zuwa daga ko'ina. Ka ce unguwarmu ma za ta farfaɗo haka. Na ga alama da idona. An wanke fuskar ginin har furannin dutsen da ban san da su ba sun fito. An buɗe shagon littattafai inda ake zuba shara a da. Mai lemon rake na bakin layi ya ɗauki ma'aikaci na biyu. Da aka ce samanmu zai zama wurin shan gahawa, Inna ta ce khalas, wato shi ke nan, gini na mai shi ne. Muka kwashe kayanmu zuwa unguwar Ard al-Liwa ba tare da gardama ba.

Na biyu. Inna ta roƙi shugaban ma'aikatanka ya bar ɗakin tattabarun zuwa magariba, don sai sun shige kwana ake iya rufe su a ɗauke. Ya ce tamam, wato ya yarda. Amma da hantsi, muna kan hanya da kaya, tattabarun suna sama suna shawagi, aka farfasa ɗakin aka sauko da katakon. Da muka dawo babu ɗaki, babu tsuntsu ko ɗaya a hannunmu, kuma an sa wa ƙofar sama kwaɗo.

Na uku. Tattabara ba ta san an sayar da gini ba. Kullum da yamma suna dawowa su sauka inda ɗakinsu yake a da. Ina hawa ƙaramar bas ta haya in zo in tsaya a tsallaken titi ina kallonsu suna kewaya wurin. Ammu Sabri mai gadi, wanda ya san ni tun ina goye, yana cewa ma'alish, wato in yi haƙuri, an hana shi barin kowa ya hau. Shi ne ya gaya mini cewa farar nan da Baba yake kira Hajiya ta yi sheƙa a bayan tanki, har ta ƙyanƙyashe biyu. Ba su yi gashi ba tukuna. Daga bakin uwa da uba suke ci. In iyayen suka mutu, su ma sun mutu.

Na huɗu, kuma wannan ne ya hana ni cin abinci. Ammu Sabri ya ce kashinsu yana ɓata sabon daɓen da aka shimfiɗa, don haka ranar Alhamis mai zuwa za a kawo masu raga da hatsi mai guba, saboda ana son buɗe wurin ranar Juma'a. Ya faɗa mini yana kallon ƙasa. Ranka ya daɗe, hatsi Baba yake watsa musu a daidai wannan wuri. Za su sauko da gudu su ci, don ba a taɓa cutar su a nan ba.

Na biyar. A jikin babban ƙyallen tallan da kuka rataya gaban ginin akwai hoton samanmu da rana tana faɗuwa, tsuntsaye suna tashi. Tattabarunmu ne. Na gane Hajiya, na gane mai baƙin wuyan da ke binta. Anti Zulai ta nuna mini hotunan wani dandali na Lisbon ɗin a wayarta, can ma na ga tattabaru a ƙasa, mutane suna wucewa ta cikinsu. Ban san yadda ake gyaran birni ba. Amma na kasa gane yadda tsuntsu zai yi kyau a ƙyalle ranar Juma'a bayan an ba shi guba ranar Alhamis.

Ga abin da nake roƙo.

Ka ba Ammu Sabri izini ya buɗe mini ƙofar sama bayan la'asar, ranar Talata da Laraba. Ba kuɗi nake nema ba, ba kuma ɗakinmu ba. Ina da jan ƙyallen da Baba yake ɗaurawa a gora yana kaɗa musu, kuma sun san fitona. Shi ya koya mini, Inna tana faɗa tana cewa 'ya mace ba ta fito. In suka ga ƙyallen suka ji fiton za su sauko kusa da ni, in sa su a kwanduna, in ɗauki sheƙar da 'ya'yan. Hajja Nafisa, Bahaushiyar Sudan da muke haya a gidanta, ta ba ni kusurwa a samanta. Zan rufe su a can har 'ya'yan su girma, don tattabarar da ta yi reno a wuri takan saba da shi. Kafin in sauko zan wanke muku daɓen da hannuna.

In kwana biyun ba su isa in kama duka ba, ina roƙo a jinkirta gubar, a ƙara mini yamma ɗaya.

Tun rasuwar Baba ban yi fito a gaban kowa ba. Na san ma'aikatanka za su tsaya suna kallona, wataƙila su yi dariya. Zan yi duk da haka.

Ranar Talata bayan la'asar ina bakin koriyar ƙofa da kwanduna da jan ƙyalle. In ka wuce ka sake tambayata me nake so, mai yiwuwa in sake kasa amsawa. Kada ka ɗauka raini ne. Ka ɗaga kai kawai ka dubi saman benenka, lokacin dawowarsu ke nan.

Allah ya sa albarka a aikinka, ya cika ginin da alheri, ya tsare maka 'ya'yanka, ya dawo maka da su gida lafiya kowace yamma su tarar da ƙofa a buɗe.

Wassalam.

Hajara, 'yar marigayi Malam Idi mai shayi,
Ard al-Liwa.