Layin da Muka Tsaya a Rana

Daren Laraba, Zulƙida 1372, unguwar Hindawiyya, ƙasa mai tsarki

Tarin nan ya dawo, ƙafafuna kuma sun kumbura. Duk da haka na dogara sanda na fita zaɓen shugaban Hausawan unguwa. Kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Layin Malam Idi, wanda nake ciki, ya kai har bakin kasuwa, na Alhaji Bala kuwa ko inuwar masallaci bai wuce ba. Sai aka ce layi shawara ce kawai, dattawa ne za su yanke. Suka shiga zaure, suka fito da sunan Bala.

Mai gahawa ya ce mini, "Haƙuri, Baba. Na ji a rediyo ko Amirka haka ne, jama'a su jefa ƙuri'a, wakilai su naɗa shugaban ƙasa."

Na ce, "To, don me aka shanya mu a rana?"

Bala ya daɗe yana cewa ɗakunan wakafin da muke ciki kyauta alhazai za a ba haya. Ga Hajji ya gabato. Ina zan kai tabarmata da littattafaina?

Idi ya ce zai zo bayan lisha mu san abin yi. Shayin da na dafa masa ya huce. Bai zo ba.