Asalin Kausar

Laraba, 2 ga Oktoba, 2024
'Yata Haulat ta haihu! Mace, kilo uku da rabi, hanci kamar nawa. Alhamdulillahi. Na yi sabuwar amarya a Doha, uwargida Asabe sai ta yi haƙuri.

Alhamis, 3 ga Oktoba
Na kira yaya Surajo a Yawuri. Ya yi barka, sannan ya sako tsohuwar maganarsa: wai ranar suna asalin wa za a faɗa, tunda uban Bature ne ɗan Sikotlan da ba a san kakansa ba. Saboda wannan ya ƙi zuwa ɗaurin auren. Ni ma abin yana raina shekara biyu ke nan.

Na tambayi surukin nawa, Rashad. Daga kakansa bai san kowa ba. Amma ya ce ƙasarsu duk shekara goma ana bin gida-gida a rubuta mutanen ciki, kuma tsofaffin takardun suna intanet. Ya buɗe mini a kwamfutarsa. Na ce ya bar ni da su. Ina da shekara arba'in na shiga ajin yamma na koyon boko, ba don ado ba.

Asabar, 5 ga Oktoba
Kwana biyu a banza. Ban samu komai ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba
Kuskuren nawa ne. Kakan Rashad sunansa Dabid Reni, sai na ɗauka Reni ubansa ne, yadda nake Ɗalhatu Garzali don Garzali ya haife ni. Ina ta neman wani magidanci mai suna Reni! Haulat ta yi dariya har ɗinkinta ya yi zafi. Ashe sunan gidan ne gaba ɗaya, ba ya sauyawa.

Litinin, 7 ga Oktoba
Na same su. Ƙidayar 1921, da ta 1901, da ta 1881. Rubutun a karkace yake kamar sawun kaza, amma na bi shi da yatsa, harafi bayan harafi, yadda malaminmu ya koya mana.

A ta 1881 na ga tushen gidan: ƙauye ne a bakin teku. Maigida Andaru Reni, masunci. Matarsa Isabel, mai gyaran koma. 'Ya'ya shida, da tsohuwar surukarsa. Ɗaki mai taga: ɗaya. Mutum tara!

Masunci. Na daɗe ina kallon kalmar. Haka Baba ya tara mu a ɗaki ɗaya a bakin Kwara, Inna tana ɗinke koma a ƙofa.

Talata, 8 ga Oktoba
Na kai Rashad tashar jiragen kamun kifi ta Wakra, na karanta masa sunayen. Ya ce, "Baba, sake faɗin na matar." Na sake. Sai ya juya yana kallon ruwa.

Na tura wa Surajo hoton takardar, na ce ga kakanni huɗu na Bature, ya kawo namu. Daga na biyu ya tsaya. Ni ma nan na tsaya.

Laraba, 9 ga Oktoba
An raɗa mata Kausar. Na miƙe na jero asalinta ta gefen uba ban duba takarda ba. Wai Asabe ta ji na ce "ɗana Rashad" a gaban mutane. Ban tuna ba. Ƙila zafi ne.

Na manna takardar a bangon falo, masuntansu a dama, namu a hagu. Na aika wa direbobin kamfaninmu da 'yan Zango, wato Hausawanmu na nan, duka: ƙofa a buɗe take har Juma'a, kowa ya zo ya ga amaryata, ya ga inda ta fito. Surajo ma na ce ya zo. Ya tambayi yadda ake neman biza.