Tsohuwar da ke Cikin Wayar Ɗanka

Malam,

Assalamu alaikum. Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ranka ma ba ka cika karanta abin da na rubuta ba, sai dai ka ninke ka sa a aljihu. Amma ba ni da wanda zan kai wa ƙarar ɗanka sai kai.

Gida lafiya. Rabi ta sauke Alƙur'ani, an yi walima daidai ƙarfinmu. Rumfarka ta hatsi a Mai'adua ƙaninka ke zama, ba ya fashin Lahadi. Babur ɗinka yana zaure, ƙura ta rufe shi, don wanda ya kamata ya hau shi ya samu wata sana'a: koyon Sifaniyanci.

Wai gurbin karatu yake nema a Sifaniya, kuma wai ba za su ɗauke shi ba sai sun ji yana hira da harshensu ba gargada. Ka ga karatun? Babu littafi, babu malami, babu jarrabawar ƙarshen mako. Mu da muka koyi Turanci a sakandare da bulala da ƙamus muka koya. Shi kuwa takardu ya liƙa wa randa da ƙofa da turmi, kowanne da sunansa na can. Na same shi tsugune yana gaida akuya. Namiji mai gemu, ɗan shekara ashirin da biyar. Abokansa suna ɗinki, suna noman rani, wasu har da 'ya'ya, shi yana karkaɗa harshe a bakin turke.

Wannan duk wasa ne. Abin da ya kawo ni shi ne tsohuwar. Wata 'yar Sifaniya ce ya samo a waya, Rabi ta ce tsohuwar malamar makaranta ce, mijinta ya mutu. Sunanta ban riƙe ba, ban kuma yi niyya ba. Kullum bayan la'asar sai ya shige ɗaki su yi awa guda. Ƙa'idarta wai ya ba ta labarin yininsa kaf, da abin da ya ci da wanda ya gani, ita kuma tana gyara masa. Wato sirrin gidanka ne darasin. Ranar nan ya fito da ita tsakar gida yana nuna mata murhuna, ko ɗankwali ban gyara ba. Ba ta da jikoki ne? Ba ta da maƙwabta? Mace ta tsufa ba ta san ta riƙe carbi ba, sai tambayar ɗan mutane da me aka yi miya?

Na je wurin liman na tambaye shi hukuncin namiji baligi ya keɓe da matar da ba muharramarsa ba, a jihar da ake shari'a. Da ya ji shekarunta saba'in da wani abu, kuma teku na tsakaninsu, sai ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya. Shi ma na raina shi.

Da farko ɗanka in-ina yake da yaren, kalma ɗaya sai ya tsaya. Yanzu zuba yake kamar famfo, har musu suke, har ya katse ta. Malam, yaushe rabon da yaron nan ya haɗa min jimla uku? Ina kwana, na tafi masallaci, sai da safe. Shi ke nan rabona.

Ranar Alhamis ina shara bayan tagarsa. A cikin yaren nan na tsinci kalma biyu da na sani: Baba, da Mai'adua. Sai muryarsa ta karye. Ɗanka, wanda ya yi zaman makokinka kwana bakwai idonsa a bushe har mutane suna yaba masa, ya zauna yana kuka wa baƙuwar da ba ta san inda alƙibla take ba. Ita kuma tana kiran sunansa, tana maimaitawa, da wannan bakin nata da ba ya iya faɗarsa daidai.

Ka san ni ban taɓa kiran sunan nan ba. Ɗan fari ne. Haka uwata ta yi da yayana, haka na yi, kuma ba na jin na yi laifi. Ban goya shi a gaban mutane ba, ban zauna hira da shi ba. Na bar maka wannan. Ga abin da ban taɓa gaya maka ba: duk Lahadin da kuka dawo kasuwa kuna dariya a kan babur, sai ku yi shiru da kun shigo kun gan ni, abin yana ci min rai. Na zaci in ba ka, dole ya juyo wurina. Ashe gara masa ya koyi sabon harshe tun daga tushe.

Na karɓe wayar ranar Juma'a. Bai yi musu ba, tarbiyyarka ce. Ya miƙo da hannu biyu. Na sa ta a ƙasan akwati na jira. Kwana huɗu, Malam. Yana gaishe ni a durƙushe, yana cin abincinsa, yana wanke kwanonsa. Bayan la'asar ya shiga ɗaki ya zauna. Gidan ya koma kamar washegarin jana'izarka. Sau biyu na tsaya a ƙofarsa da niyyar magana. Me zan ce? Da me kake farawa kai? Shekara talatin muna tare ban taɓa tambayarka ba.

Jiya da safe na ajiye masa wayar kusa da kofin kokonsa. Kada ka zaci na sauko. Har gobe ina ganin abin banza ne, ita kuma tsohuwar banza ce mai yawan tambaya. Amma da la'asar ta yi, wake na ɗauko zan tsince, sai na ga inuwa ta fi kyau a gindin tagarsa. Nan na shimfiɗa tabarma. Awa guda na zauna. Ban fahimci komai ba, amma yanzu na san yadda muryar ɗana take in yana ba da labari.

Ka huta lafiya. Allah Ya gafarta maka, Ya sada mu a inda ba a jin kunyar kowa.

Matarka,
Uwar Rabi