Takalmi a Ƙofar Coci

Litinin, 11 ga Maris 1996
Berthe ta rasu. Hatsarin mota, a hanyar Guider. Rumfarta na jingine da tawa a kasuwa tun ina goyon fari. Na buɗe, na sayar da atamfa, na rufe.

Alhamis, 14 ga Maris
Ban yi kuka ba. Na zauna don in yi, ya ƙi. Mata sai kallona suke. Wace irin zuciya ce wannan?

Jibi za a yi mata addu'a a babban cocinsu. Kullum takan ce, "Karimatu, ki zo ko rufin ne ki gani." Ni kuwa kullum sai wata rana.

Malam, maigidana, ya ce in je, haƙƙin maƙwabtaka ne.

Asabar, 16 ga Maris
Na je. A bakin ƙofa na tuɓe takalmi, na ajiye gefe. Sai da na zauna na lura ni kaɗai ce ƙafa ba komai. Wata ta toshe baki tana dariya. Ko kunya ban ji ba.

Akwatin gawar na gaba, ban dube shi ba. Sama na yi ta kallo. Rufin ya yi nisa, ba azara irin tamu, ginshiƙai ne suka tashi suka haɗe kai. Tagogin gilashi masu launi, rana ta zubo ja da shuɗi a kan fararen kayan mutane. Kala mai kyau, da atamfa ce da ta karɓu. Abin da na iya tunani ke nan.

Ginin ya tsufa amma bai tsage ba.

Talata, 19 ga Maris
An ɗaure rumfarta da buhu.

Alhamis, 21 ga Maris
Na koma da rana, wai in ƙare wa rufin kallo. Ba kowa sai Élisabeth, yayarta, tana goge benci. Na sake tuɓe takalmi, hannu ya riga ni.

Ta dubi ƙafata. "'Yar'uwa, ita ma haka take yi. Ana fara wa'azi sai ta zare su a ƙarƙashin benci. Wai duk Garoua ba daɓe mai sanyin wannan."

Ta nuna mini wurinta, kusa da ginshiƙi. Na zauna, na dasa tafin ƙafa.

Da sanyi kam. Ba ta yi ƙarya ba.

Na daɗe. Mayafina ya jiƙe, amma ai lokacin zafi ne.