Hotonka na Ƙarshe a Kasuwar Maigatari

Zuwa ga Yaya Haladu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙar nan ba za ta iske ka ba. 'Yan zaurenmu ne za su karanta, kuma da ma so nake su karanta.

Zauren hotunan da ka buɗe mana a waya yana nan. Har yanzu samarin Gumel da na Sule Tankarkar suna turo hotunan tasha da kwanar 'yan acaɓa. Abu ɗaya ne ya canja. Tun rasuwarka babu mai gyara wa wani. Ko hoton ya yi duhu, ko an yanke ƙafar mutum, sai dai ka ga an jera masha Allah.

Kai kuwa ba ka raga mana. Na tuna hoton mai ƙosai da na turo ina jin kaina, ka ce, "Auwalu, me kake so in kalla, matar ko bokitin?"

Makon jiya wata ɗaliba daga Gagarawa, Bilkisu, ta shigo zauren. Ta bi tsofaffin hotuna har ta kai kan naka na ƙarshe, na dillalin raƙuma a karar Maigatari, kasuwar dabbobi. Ba ta san ka rasu ba. Ta rubuta cewa hasken ya yi kyau, amma hoton ya karkace, falwayar wuta ta tsiro daga kan dillalin, kuma da mai ɗauka ya miƙe ya matsa gefe da ya tsira.

Aka yi mata ca. Wasu suka ce ba ta da kunya, wasu suka ce in cire ta, tunda zauren a hannuna yake yanzu. Ta ba da haƙuri.

Ni ma raina ya ɓaci, Yaya. Amma na buɗe hoton na dube shi yadda ka koya min, kusurwa-kusurwa. Gaskiyarta ce. Abin da ya dame ni shi ne, kai ba ka irin wannan kuskure.

Ranar Alhamis na hau mota na tafi Maigatari. Na yi ta zagaya karar har na gane falwayar. Na tsaya, na durƙusa, hoton bai fito kamar naka ba, sai da na zauna a bencin wani mai shayi. Na nuna masa fuskarka a waya, ya gane ka. Ya ce ran nan numfashi ya ƙi maka, ka daɗe a bencin, ko shayin ba ka iya sha ba. Daga zaune ka ɗaga wayar, ko daidaita ta ba ka iya ba.

Mu a gida ka ce mana ka ji sauƙi.

Ban cire Bilkisu ba, kuma ba zan cire ta ba. Ita kaɗai ce ta kalli hoton nan da gaske tun tafiyarka. Mu kai muke kallo. Na roƙe ta ta duba nawa na ranar Alhamis, ta ce sama ta yi yawa. Na yanke shi na sake turawa.

Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan. Ta sa na wanko mata hoton raƙuman, ta rataye shi kusa da gadonta. Na gaya mata a karkace yake, ta ce ita daidai take ganinsa.

Allah Ya jiƙanka, Yayana. Ya sa ciwon da ka ɓoye mana ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Ƙanenka,
Auwalu, daga Gumel